Gida a Bakin Kogi da Bayan Gari: Inda Arahar Take Fitowa

Kasuwar filaye da gidaje a Kaduna ta fi ci ne da rani. Daga watan Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin da hanyoyin bayan gari suka bushe, ciyawa ta ƙone, Kogin Kaduna kuma ya janye har duwatsun cikinsa suka bayyana, a nan ne dillalai ke ɗaukar masu saye a mota ko a babur su kai su ganin wuri. Duk abin da mai saye zai gani a wannan lokaci gaskiya ne, amma gaskiyar rabin shekara ce, domin filin da yake ƙeƙasasshe a watan Fabrairu yana iya zama matattarar ruwa a watan Satumba. Wannan rata da ke tsakanin lokacin ciniki da lokacin da aibin wuri ke fitowa ita ce tushen yawancin asarar da ake tafkawa a gidajen bakin ruwa da na ƙauyukan da ke kewaye da birnin.

Dalilin da ke kai mutane waɗannan wurare ba ɓoyayye ba ne. Kuɗin haya a cikin gari ya fi ƙarfin ma'aikaci, fili kuwa a Malali ko Unguwar Rimi ko Unguwar Sarki sai wane da wane. Saboda haka mai ƙaramin ƙarfi ya kan duba wajen Rigachikun, Maraban Jos, bayan Rigasa, Kujama, Maraban Rido, Gonin Gora ko ɓangaren Millennium City, ko kuma ya nemi ragowar filayen da ke gangaren kogi a cikin gari, inda yake kusa da wurin aiki kuma farashi bai kai na kan tudu ba. Tun da Turawan mulkin mallaka suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, gine-ginen gwamnati da barikoki da unguwannin manya suka kame tudu, aka bar fadama ga masu lambu da masunta. Abin da ya rage ba a gina ba har zuwa shekarun baya-bayan nan, galibi akwai dalilin da ya sa na farko suka tsallake shi. Arahar da mai saye ke gani ladan haɗarin da zai ɗauka ne daga hannun mai sayarwa, kuma tambayar da ta dace ita ce ko rangwamen ya kai girman haɗarin.

Sai an fahimci halin kogin kafin a iya amsa wannan tambaya. Kogin Kaduna ya taso ne daga tsaunukan Jos, ya ratsa tsakiyar birnin, ya bi ta Shiroro da Zungeru a Jihar Neja, sannan ya faɗa Kogin Kwara bayan tafiyar kusan kilomita 550. Ma'anar wannan ita ce ruwan da ke cika shi ba na sararin samaniyar Kaduna kaɗai ba ne. Ana iya wuni babu ko yayyafi a Barnawa, amma kogi ya tumbatsa da dare saboda ruwan da aka sheƙa a Filato da Lere da Kauru kwana 2 da suka wuce. Haka kuma ambaliya ta fi zuwa a ƙarshen Agusta da cikin Satumba, lokacin da ƙasa ta riga ta ƙoshi, ba ta iya shan ƙari, sai duk abin da ya sauka ya gangara kai tsaye zuwa rafuka. Mazauna Kigo Road da Bashama Road da Rafin Guza da Kabala Costain da Nasarawa da Romi sun san wannan lokaci sarai, kuma manyan cikinsu ba su manta da ambaliyar Agustan 2003 ba, balle ta 2012 da ta 2022 waɗanda suka shafi jihohi da dama a ƙasar nan.

Akwai wani nau'in ambaliya da masu saye ba su cika lura da shi ba, domin ba daga kogi yake fitowa kai tsaye ba. Idan babban kogi ya cika, ƙananan rafuka da lambatu da ke zuba a cikinsa ba sa samun hanyar fita, sai ruwansu ya tsaya, ya yi ta taruwa yana komawa baya, har ya shiga gidajen da ke da nisa da gaɓa. Gidan da mai shi ba ya ko hango kogi daga ƙofarsa yana iya kwana cikin ruwa saboda wani ɗan kwararo da ke bayan katangarsa. Abin da ke ƙara tsananta wannan shi ne ginin da ake yi a saman unguwa. Kowace gona da aka mayar gida, kowane tsakar gida da aka dafe da siminti, kowane titi da aka shimfiɗa wa kwalta, yana rage ƙasar da ke shan ruwa, yana ƙara gudun abin da ke gangarowa. Shi ya sa maganar da dillalai suka fi yi, wato “Alhaji, ai ruwa bai taɓa zuwa nan ba,” tana iya zama gaskiya game da jiya amma ba ta da amfani game da gobe, tun da wurin da yake gonaki shekara 15 da suka wuce yanzu rufin kwano ne iya ganinka.

Masana ruwa suna da wani ma'auni da ake yawan yi wa gurguwar fahimta. Idan suka ce wuri yana cikin yankin ambaliyar shekara 100, ba suna nufin sai bayan ƙarni ruwa zai dawo ba. Nufinsu shi ne a kowace damina akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ruwa ya kai wannan matsayi, ko da ya kai bara. Idan aka tara wannan yiwuwa a tsawon shekara 30, wanda shi ne ƙarancin zaman da mutum ke fata a gidan da ya gina da guminsa, lissafi yana ba da kusan kashi 26 cikin 100. Wurin da ke ƙasa da haka, inda yiwuwar ta kai 1 cikin 20 a kowace shekara, lissafinsa a shekara 30 ya haura kashi 78 cikin 100. A ganina duk wanda zai sayi gida a gangaren kogi ya kamata ya san waɗannan alkaluma kafin ya san farashin bulo.

Gida ba ya iya ɓoye tarihinsa ga mai lura, ko da mai shi ya so. Ruwan da ya taɓa kwana a ɗaki yana barin layi miƙaƙƙe a bango, kuma idan an shafe shi da fenti a falo, yawanci ana manta shi a bayan gida, a jikin katanga, a cikin ɗakin ajiya ko a ƙasan tankin ruwa. Sabon fentin da ya tsaya iya ƙugu abin tambaya ne. Haka ma dokin ƙofar da aka ɗaga da bulo ɗaya ko biyu har sai mutum ya tsallaka kafin ya shiga, da wurin saka fulogin lantarki da aka mayar sama kusa da taga, da ƙasan ƙofar ƙarfe da tsatsa ta cinye alhali samanta lafiya lau. Filasta mai kumbura tana zubowa, da farin gishiri a gindin bango kamar kanwa, alama ce ta damshin da ke hawowa daga ƙasa ko da ambaliya ba ta shigo ba. A fili kuwa, ƙasa baƙa mai dabbarewa da rani, da kututturen shinkafa ko rake, da rijiyar maƙwabci da ake taɓa ruwanta da gajeren guga a tsakiyar Maris, duk suna faɗin abu ɗaya. Wanda ya fi kowa sanin iyakar ruwa shi ne tsohon mai lambun da ke gefen wurin, kuma shi ba ya da la'ada a cinikin.

Ko da ruwa bai taɓa shiga ɗaki ba, gini a fadama yana cin kuɗin da ba a gani a sama. Laka tana kumbura da damina ta tsuke da rani, wannan motsi kuwa shi ke tsaga bango daga kusurwar taga zuwa ƙasa. Kafin a samu tushe mai ƙarfi sai an zurfafa haƙa, ko a zuba kankare da rodi a duk faɗin ginin, sannan a yi ciko da marmara tifa bayan tifa ana dannewa, a kuma shimfiɗa leda mai kauri don tare damshi. Masai da sokawe ma matsala ce, domin inda ruwan ƙasa yake kusa, rami ba ya tsotsewa, da damina sai ya cika ya dawo, kuma ƙazantar tana iya haɗuwa da ruwan rijiyar gidan. Ga sauro, ga zaizayar gaɓa, musamman a bayan lanƙwasar kogi inda igiyar ruwa ke dukan ƙasa, da wuraren da masu haƙar yashi suka rarake. Shi ma cikon ba ya kawar da ruwa, tura shi yake yi gidan da ke ƙasa, kuma rigingimun maƙwabta da yawa da ke zuwa gaban mai unguwa daga nan suke farawa.

Bayan ruwa sai hukuma, wadda ita ma tana da haƙƙi a bakin kogi. Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, wato NIWA, a 1997, ta lissafa Kogin Kaduna cikin hanyoyin ruwa na tarayya, ta kuma ware wa hukumar gefen irin waɗannan koguna: duk inda ambaliyar shekara 100 za ta iya shafa, ko mita 100 daga bakin ruwa inda gaɓa ke da tsayi. A farkon 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar da ikon tarayya a kan hanyoyin ruwa a shari'ar da aka daɗe ana yi da Jihar Legas. A ɓangaren jiha kuma, hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, wato KASUPDA, ce ke ba da izinin gini, kuma ginin da ba shi da izininta ko ya toshe hanyar ruwa yana cikin waɗanda ake shafa wa jan fenti. Kasancewar wasu sun yi gini a layin shekaru da yawa ba a taɓa su ba bai zama hujja ba. Abin da yake nunawa kawai shi ne ranar ba ta zo ba tukuna.

A ƙauye matsalar takarda ta fi ta ruwa girma. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma kundin tsarin mulki na 1999 ya ba ta kariya ta yadda gyara ta sai an bi hanyar gyaran kundin. Abin da mutum ke mallaka haƙƙin zama ne da amfani, galibi na shekara 99 ga gidan zama, kuma sayar da wannan haƙƙi yana buƙatar amincewar gwamna idan takardar jiha ce, ko ta ƙaramar hukuma idan haƙƙin gargajiya ne. Akwai ma wani sashe na dokar, na 36, da ya hana yanka gonar ƙauye zuwa fulotai da sayar da ita, duk da cewa wannan shi ne ainihin abin da ake yi kullum a ƙananan hukumomin Igabi da Chikun. Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da hatimin dagaci tana da amfani a matsayin shaida cewa an biya kuɗi a gaban mutane, amma ba ta hana gwamnati cewa wurin yana cikin tsarin da ta riga ta zana ba. Tun da aka kafa hukumar rajistar filaye ta jiha, wato KADGIS, a 2015, hanyar da ta fi tabbas ita ce a ɗauki safiyo mai rajista ya ɗauko lambobin kusurwoyin filin, a kai su hukumar a bincika ko wani ya riga ya yi rajista, ko wurin na makaranta ne, na soja, na gandun daji ko na hanya. Rikicin da ya ɓarke a 2016 tsakanin mazauna Gbagyi Villa da gwamnatin jiha a kan filin da aka ce na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ne ya isa misali na yadda unguwa guda cike da gidaje ke iya wayar gari cikin shari'a.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba sai ranar da aka zo karɓar wuri shi ne tsarin diyya. Idan gwamnati ta soke haƙƙin zama don amfanin jama'a, abin da doka ta tanada shi ne biyan abin da aka raya a kan ƙasar, kamar gini da itatuwa da amfanin gona, ban da darajar filin kansa. Wanda ya sayi fili ya ajiye yana jiran gari ya iso shi, bai aza ko bulo ɗaya ba, zai iya tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Akwai kuma wuraren da ba na gini ba ne tun asali: layin wutar lantarki mai ƙarfin kilobolt 330 yana da harabar mita 50, kuma bututun mai da na gas da layin dogo kowanne yana da tasa.

Sai kuma batun gado, wanda a nan ne cinikin biri a sama ya fi yawa. Gonar da uba ya bari ba a raba ba mallakar dukkan magada ce, maza da mata, na gida da waɗanda ke aure a wani gari. Babban ɗa ba ya da ikon sayar da rabon ƙannensa don kawai shi ke noma wurin, kuma sau da yawa ƙarar ba ta tasowa sai bayan mai saye ya kai gini linta, lokacin da darajar wurin ta tashi. A yankunan Gbagyi kuma gona kan zama ta dangi, wani lokaci ma wanda ke nomanta aro aka ba kakansa. Mai saye mai hankali zai nemi takardar rabon gado daga kotu, ko sa hannun kowane magaji a gaban shaidu, sannan ya tambayi masu gonakin da ke iyaka da wurin ta kowace kusurwa. Fikihun Malikiyya ya ba abokin tarayya a dukiyar da ba a raba ba haƙƙin shuf'a, wato ya karɓi rabon da aka sayar a kan kuɗin da aka saya, kuma ya ba mai saye damar mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa. Sai dai tabbatar da cewa an ɓoye aibi yana da wuya idan ba a rubuta komai ba, shi ya sa yake da kyau a sa a cikin yarjejeniya cewa mai sayarwa ya shaida ruwa bai taɓa shiga wurin ba. Mai gaskiya ba zai ƙi sa hannu a kan wannan ba.

Ba za a yi maganar bayan garin Kaduna a tsallake tsaro ba. Sace ɗalibai 39 a Kwalejin Gandun Daji ta Afaka a Maris 2021, da na makarantar Bethel Baptist a yankin Maraban Rido a Yulin wannan shekara, da harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022, da sace ɗaliban makarantar Kuriga a Maris 2024, sun sa mutane da dama kulle gidajen da suka gina a bakin daji suka koma haya a cikin gari. An samu sauƙi a wasu yankuna tun sulhun da aka yi da 'yan bindiga a Birnin Gwari a ƙarshen 2024, amma gidan da yake na ƙarshe a layi, wanda bayansa daji ne, har yanzu farashinsa daban ne da na tsakiyar unguwa. Akwai kuma abin da kowa ya sani ba a cika faɗa ba: tun rikicin addini na 2000 zaman garin ya rabu, kuma mai saye yana auna waɗanda zai zauna cikinsu kamar yadda yake auna ƙasar. Ga kuɗin da sabuwar unguwa ke ɗora wa mazaunanta, na karo-karon taransifoma da turakun wuta da kwalbati da 'yan sintiri, ban da rijiyar burtsatse da man zuwa aiki kullum.

Wasu 'yan kasuwa da ma'aikatan Kaduna kan tsallake duk wannan su sayi fili a bakin teku, musamman a Legas wajen Lekki da Ibeju, galibi daga hoto da bidiyo. Haɗarin can iri ɗaya ne da na nan, sai dai teku ba ya janyewa da rani ya mayar da abin da ya ci. Shingayen duwatsu da aka gina a mashigar tashar jiragen ruwan Legas a farkon ƙarni na 20 sun tare yashin da igiyar ruwa ke kawowa daga yamma, abin da ya sa teku ya yi ta cin Bar Beach shekara da shekaru, har aka kai ga cike wurin da gina katangar duwatsu mai tsawon fiye da kilomita 8 don aikin sabon birnin Eko Atlantic. Garin Ayetoro a Jihar Ondo ya rasa babban ɓangarensa ga teku. Iskar gishiri tana cin rodi da kwano da na'urar sanyaya ɗaki cikin sauri, ruwan rijiya kan zo da gishiri, ƙasa kuwa yashi ce da tabo da ke buƙatar a kafa ginshiƙai masu zurfi. Rushe-rushen da aka yi a 2024 don titin gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kusan kilomita 700, sun shafi gine-ginen masu hannu da shuni waɗanda ke da lauyoyi, balle wanda yake Kaduna yana riƙe da rasit kawai.

Darajar gida tana bayyana ne ranar da mai shi ya buƙaci kuɗi. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992 kuma ake cirar kashi 2.5 cikin 100 na albashi dominsa, yana ba da rance a kan ruwan kashi 6 cikin 100 har zuwa shekara 30, amma sai da takardar mallaka da banki zai karɓa jingina, kuma takardar dagaci ba ta cikin waɗannan. Inshorar gobara ta yau da kullum ba ta ɗaukar asarar ambaliya sai an ƙara wannan sharaɗi an biya kuɗinsa, ko a kamfanin inshora ko na takaful, wato inshorar Musulunci. Unguwar da aka taɓa nuna ta a talabijin mutane na kwashe katifu a ka kuwa, sunanta ya riga ya shiga kunnen masu saye, kuma mai gida a can zai sayar ne ga wanda bai sani ba ko ga wanda zai taya da rabin kuɗi.

Duk da haka ban ga dalilin cewa kowane fili na kusa da ruwa abin gudu ne ba. A gaɓar kogi guda akwai inda dutse ya ɗaga ƙasa mita da yawa sama da ruwa, akwai kuma kwarin da ke nesa da kogi amma yana cika kowace shekara, saboda haka tsayin wuri ya fi nisansa muhimmanci. Hukumar nazarin ruwa ta ƙasa, wato NIHSA, tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara kafin damina ta kankama, amma hasashen yana magana ne a kan ƙananan hukumomi da garuruwa, ba zai gaya wa mutum halin fulotinsa mai ƙafa 50 da 100 ba. Wannan sai an je wurin a watan Satumba, bayan an yi ruwa mai ƙarfi, a shiga da ƙafa ta hanyar da yara za su bi zuwa makaranta. Idan mai sayarwa ba zai jira damina ba, ana iya neman tsofaffin mazauna su nuna inda ruwa ya tsaya a shekarar da ya fi yawa, a jikin bishiya ko gada ko katangar masallaci, sannan safiyo ya auna bambancin tsayi tsakanin wannan alama da filin. Aikin yini ɗaya ne da na'urar awon tudu da kwari, kuma a kan sakamakonsa injiniya zai faɗi ko ciko zai wadatar, ko sai an ɗaga ginin sosai, ko a haƙura da wurin a nemi wani.